Ranar da Na Sa Yero Ƙirga Shanu

Azare ta tarbe ni da zafin rana, da ciwon kai, da wani mutum mai jar hula da ya cafke jakata tun ƙafata ta biyu ba ta taɓa ƙasa ba. Kwana na yi a hanya daga Gusau. Ƙafafuna sun kumbura, bakina ya yi ɗaci, ban kuma san kowa a garin ba sai sunan kwalejin horon malamai da ke jikin takardar aljihuna.

"Ɗan makaranta ne ko? Ai daga gani na gane," in ji mai jar hula. "Ɗaki kake nema. To Allah ya haɗa ka da ɗan'uwa."

Ya ja ni wani lungu bayan kasuwa, ya buɗe ɗaki mai daɓen siminti, har da tabarma da ƙusar rataye kaya. Na biya shi, ya damƙa mini makulli, ya yi mini addu'ar samun ilimi mai amfani. Ni da na yi shekara biyar ina gyaran waya a rumfar kasuwa, ina ganin babu kalar wayon da ban sani ba, na kwanta ina yaba wa kaina iya ciniki. Kwana uku ina ciki sai ga mai ɗakin ya dawo daga Ikko, wani direban babbar mota, ya tarar da ni ina shan gari a kan tabarmarsa. Ashe kwaɗon mutumin aka fasa aka maƙala sabo. Mai jar hula kuwa ban sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Direban ya dube ni, ya dubi kofin garin, ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofa.

"Gama shan garinka tukuna, ƙanena," ya ce. "Ni wata guda ina hanya, kwana uku ina gida. Ka zauna ka riƙa kore mini ɓeraye."

A ɗakin nan na yi shekara biyu da rabi, bai taɓa karɓar ko sisina ba.

Gaskiya ba son koyarwa ya kai ni Azare ba. Sau uku ina neman jami'a ba ta samu ba, gyaran waya kuma ya fara cin idona. Mahaifiyata ta ce aikin malanta ko ba kuɗi akwai albarka, na ce to. A kwaleji 'yan ajinmu suka laƙaba mini Basakkwace, duk da na gaji da gaya musu ni Bazamfare ne. Da na buɗe baki na ce "mi" sai aji ya ɗauki dariya. Lokacin hutu kowa ya kama hanyar gida, ni kuwa Inna ta buga waya ta ce hanya ba lafiya, in zauna inda nake. Sallah huɗu na yi a Azare ina cin tuwon maƙwabta. Sau ɗaya Inna ta aiko mini da hoce, gasasshiyar wainar dawa irin ta gida, ta hannun wani direba, ya iso a farfashe ya fara tsami. Na rufe ƙofa na cinye shi tas, ina ci ina share hawaye.

A shekarar ƙarshe aka zo maganar tifi, wato fita ƙauyuka mu koyar na gwaji kafin a ba mu takardar shaida. Malamin da ke kula da wannan, wani dattijo mai sanƙo, ya raba mu biyu-biyu, ya kafa mana doka.

"Ba a shiga aji da darasin da ido biyu kaɗai suka gani," ya ce. "Ka rubuta, abokin aikinka ya karanta, malamin ajin da kuka tarar ya sa hannu. In kana koyarwa abokinka na baya yana rubuta abin da ya gani, ku zauna bayan an tashi ya gaya maka. Wanda ya tsallake wannan ya tsallake takardarsa."

Ya raba mana wata takarda mai jerin tambayoyi. Shin malami ya fara da abin da yara suka sani? Ya kira su da sunayensu? Ya tambayi na baya, ko na gaba kawai yake gani? Ya tabbatar sun gane kafin ya wuce? Na ninke ta na cusa a aljihu. A ganina wannan duk surutu ne, wanda ya san lissafi ai ya san lissafi.

Wadda aka haɗa ni da ita ita ce Hajara, Bafulatana 'yar Udubo, uwar 'ya'ya huɗu, da goyo a bayanta. Ta girme ni da kusan shekara goma, shi ya sa kowa ke ce mata Adda, wato yaya. Turancinta ɗingishi yake yi, rubutunta kuma sai ta gama layi ɗaya na gama shafi. Da aka kira sunanmu tare na ji kamar mai jar hula ya sake kama jakata.

Wata makaranta aka tura mu a ƙauyen da ke hayin kogi, gaba da Katagum kaɗan. Bazara ce. Muka shiga motar da aka lafta wa buhunan taki, muka sauka Katagum jikinmu fari fat, muka hau acaɓa har bakin kogin Jama'are. Ruwan ya janye, iyakarsa gwiwa. Na naɗe wando na ɗora jaka a ka, Adda ta gyara goyonta ta shige gabana kamar mai zuwa gidan maƙwabta.

Makarantar azuzuwa huɗu ce, ɗaya iska ta yaye rufinsa. Adda aka sauke ta gidan ƙanwar mai gari. Ni aka ba ni sito, inda ake tara karyayyun bencina, na share kusurwa ɗaya na shimfiɗa tabarma. Da rana kwanon rufin ya gasa ni, da magariba sauro ya karɓi aiki. Abinci kuwa kifi ne safe da yamma, har cikina ya yi tawaye sati biyu. Waya ba ta kamawa sai a gindin wata tsamiya da ke bakin kogi. Can nake zuwa ran Juma'a in kira Inna in ce mata lafiya lau nake, komai na tafiya daidai.

Malamin aji uku, inda aka sa mu, shi ne Malam Bappa. Tsoho ne siriri mai tsohon keke, ya fi shekara talatin yana cin alli. Ranar farko ya buɗe mana rajista, ya bi sunaye da yatsa har ya zo kan goma sha ɗaya na ƙarshe, ya tsaya.

"Waɗannan 'ya'yan ruga ne," ya ce. "Shekara shida ina tura keken nan cikin yashi kafin iyayensu su yarda su ba ni su. Sai an gama tatsa suke zuwa, kada ku dake su don makara. Sauran yaran ko kun kore su yau, gobe za ku gan su. Waɗannan in suka tafi sun tafi. Amana ce na ba ku."

Na ce in sha Allahu, ina duban agogo.

Cikin sha ɗayan nan akwai Yero. Ba zai wuce shekara goma ba. Kullum sai ya jingine sandarsa a bakin ƙofa kafin ya shigo, ya zauna kusa da taga, ba ya magana sai an tambaye shi. Amma in na rubuta lissafin tarawa a allo, kafin in ajiye alli ya gama a gaɓoɓin yatsunsa, ya sunkuyar da kai yana jira. Shi kaɗai ne a ajin nan ya sa nake jin kamar na iya koyarwa. In na ba da aiki wasu su manta, wasu akuya ta cinye littafinsu, Yero bai taɓa zuwa hannu sake ba.

Kullum bayan an tashi mukan zauna gindin darbejiya mu uku, kamar yadda doka ta ce. In Adda ce ta koyar, ni ba na rasa abin faɗa: ta rubuta kalma kaza ba daidai ba, ta cika Fillanci a aji. Ta ce ta gode, ta gyara a gabana. In ni ne kuwa, sai ta buɗe takardarta a hankali tana jijjiga goyo. Wata Talata ta ce:

"Malam Lawali, ka san lissafi, wannan ba musu. Amma kai da allo kuke hira, yara na kallon ƙeyarka. Ga misalanka kuma. Jiya fasinjoji a bas, yau bene mai hawa uku. Yaran nan wa ya taɓa ganin bene a cikinsu? Takarda ta ce a fara da abin da suka sani."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

"Adda, ki fara gyara rubutunki kafin ki gyara mini darasi," na ce.

Ta ninke takardarta. Malam Bappa ya kaɗe ƙurar alli daga hannun rigarsa ya ce, "Malam Lawali, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Na ce haka ne, na tashi na shige sitona.

Washegari jaririn Adda ya tashi da zazzaɓi, ta tsallaka Katagum asibiti. Malam Bappa kuma aka kira shi taro a ofishin ilimi. Aji ya zama nawa ni kaɗai, da sabon darasin da na rubuta ban nuna wa kowa ba. Na ce yau za ta ga abin da yara suka sani. Ranar Alhamis zan fara koya musu ɗebewa, don haka na shirya aikin gida da zai share fage. Na yayyage takardu, na ja layi da rula tsaf-tsaf, gida biyu: sunan uba a hagu, adadi a dama. 'Ya'yan masunta su ƙirgo ragar kamun kifin gidansu. 'Ya'yan manoma su ƙirgo awaki da kaji. Sannan na juya wajen taga ina murmushi.

"Ku kuma 'yan ruga, kowa ya ƙirgo mini shanun babansa. Ɗaya bayan ɗaya, kada a bar ko maraƙi. A rubuta sunan baba a nan, yawan shanu a nan."

Ɓangaren nan na aji ya yi tsit. Wata yarinya ta sa hannu ta rufe bakinta. Ni na ɗauka ladabi ne. Yero ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

Ran Alhamis bencina biyu na wajen taga babu kowa. Na ce ko wani biki ake yi a ruga. Ran Juma'a ma haka. Adda, da ta dawo da jaririnta ya ji sauƙi, ta ja wata 'yar masunta gefe ta tambaye ta. Na hango ta ta dafe ƙirji, ta nufo ni da sauri har mayafinta na zamewa.

"Innalillahi! Malam Lawali, shanu ka sa su ƙirga? Har da sunan uba a takarda?"

"To mine ne laihi a ciki? Ba ke kika ce a fara da abin da suka sani ba?"

"Ai da ka nuna mini!" ta ce. "A wurinmu ba a ƙirga shanu. Mai garke ya san kowace da sunanta da kamanninta da uwar da ta haife ta, in ɗaya ta ɓata kallo ɗaya zai yi ya gane. Amma ba ya cewa guda kaza ne, ko matarsa ba ta tambaya. Wanda ya ƙirga ya sa musu baki. Takarda mai suna da lamba kuma, tun zamanin jangali ba ta taɓa shiga ruga da alheri ba. Ga ka baƙo, ba wanda ya san gidanku. Suna can suna cewa daga Zamfara aka turo ka ka gano inda shanu suka fi yawa."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi yi mini ciwo. Ni da ɓarayin daji suka hana ni zuwa gida, yau ni ake yi wa kallon ɗan aikensu.

Sauran labarin a kwanakin da suka biyo baya ya iso. Yara goma sun yi hankali, wasu sun yar da takardar a hanya, wasu iyayensu mata suka jefa a murhu. Yero ne kaɗai ya yi abin da malaminsa ya ce. Da yamma shanu na shigowa ya tsaya bakin garke, gaban babansa da baffanninsa, yana nuna su da yatsa yana ƙirgawa da Hausa a fili. Babansa ya kwaɗa masa mari ya ƙwace takardar. Kamar abin bai isa ba, a makon nan aka yi ruwan farko. Ran Asabar wata saniyar uban, mai ciki, wadda ta fi duka nono, ta ci ɗanyen tsiro cikinta ya kumbura, kafin a kawo wuƙa ta mutu.

Ran Litinin Malam Bappa ya kira rajista har ƙarshe. Sunaye goma sha ɗaya ya kira ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan dakatawa bayan kowanne, ba mai amsawa. Ya rufe littafin ya ce in biyo shi waje.

"Na sa hannu a darasin nan?"

"A'a, Malam."

"Adda ta gani?"

"A'a."

"To."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na san layi biyu zai rubuta wa kwaleji, shekaruna uku su bi ruwa. Na fara ba shi haƙuri a kan haka, ya ɗaga hannu.

"Wannan tsakaninka da takardarka ne, ni ba ta dame ni ba. Yarana nake so a dawo mini da su."

Sau uku muka je rugar. Tafiyar awa guda ce cikin yashi, Malam Bappa na tura keke, Adda da goyo, ni a baya ɗauke da goro da buhun kanwa na shanu. Tun a hanya na shirya jawabi. Zan bayyana musu cewa ɗanyen tsiro ne ya kashe saniyar, ba ƙirga ba, kowane likitan dabbobi ya san haka. Na gwada wa Adda jawabin, ta saurara har na gama.

"Ka haɗiye shi," ta ce. "Sun fi ka sanin abin da ke kumbura cikin saniya. Ba wannan ne ciwonsu ba. In mun isa ka cire takalmi tun daga nesa, ka durƙusa, kada ka kalli Arɗo a ido, kada ka yi magana sai an tambaye ka. In an ba ka nono ka shanye."

Karon farko kenan da ta gaya mini abu na yi ba gardama.

Zuwan farko aka ce Arɗo, shugaban rugar, ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofar bukka. Zuwa na biyu aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono, aka yi gaisuwa ta kusan awa biyu: lafiyar mutane, lafiyar shanu, lafiyar ruwa. Ba wanda ya ambaci makaranta. Gwiwoyina suka sage, muka dawo da duhun magariba ban ce uffan ba. A daren na kasa cin kifin ma. Na gaji da garin, na gaji da yashi, na gaji da kaina, har na fara haɗa kaya a jaka sannan na tuna ba ni da fuskar da zan kai wa Inna.

Zuwa na uku Adda ta yi magana. Daga bayan mata ta zauna, ta yi ta Fillanci a hankali, ni ba abin da nake tsinta sai sunana da Udubo. Daga baya na ji dangin mahaifiyarta ta yi ta lissafowa har ta haɗa su da na matar Arɗo, sannan ta ce ta ci abinci da ni wata biyu, ta shaida girman kai ne da ni amma ba mugunta. Arɗo, tsoho mai farin gemu, ya juyo da Hausa.

"Kai, Malam. Wa ya aiko ka ƙirga mana shanu?"

"Ba kowa, Baba. Jahilcina ne."

Sai kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

"Malami kuma jahili? To mu wa za mu kai wa yaranmu?"

Mazan da ke wurin suka yi dariya, na ji kunya har cikin ƙashina, amma dariyar ce ta kwance maganar. Arɗo ya ce don darajar Malam Bappa yara za su koma, da sharaɗi ɗaya: duk abin da wannan baƙo zai ba su, sai 'yarsu Hajara ta gani tukuna. Dokar da kwaleji ta ba ni a takarda na cusa a aljihu, ita ce Arɗo ya maimaita mini a kan tabarma.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yana zaune can gefe yana murza igiya. Malam Bappa ya matsa kusa da shi ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya daɗe yana yi. Mutumin bai ɗago ba. A ƙarshe ya faɗi kalmomi kaɗan ya tashi ya nufi garke. Na tambayi Adda me ya ce, ta ƙi gaya mini sai da muka yi nisa.

"Baban Yero ne. Ya ce yaron da ya koyi nuna shanun ubansa da yatsa ya gama karatu."

Ran Litinin goma suka dawo. Wurin taga ya zauna babu kowa, ba sanda a bakin ƙofa.

Sauran makonnin mun yi su yadda ya kamata tun farko. Ina rubuta darasi in kai wa Adda, ta soke abin da za ta soke. Ita ma ta kawo nata in gyara mata Turanci, wannan karon a keɓe, ba gaban Malam Bappa ba. Ta koya mini juyowa in fuskanci yara, da jiran amsa ko da shirun ya yi tsawo, da gaisuwar Fillanci guda uku da yaran ke dariya in na yi. Ɗebewar da na so farawa ran Alhamis ɗin nan da 'ya'yan tsamiya muka koyar da ita, kowane yaro da tulinsa. Sau biyu na koma rugar ni kaɗai neman baban Yero, sau biyu ana ce mini ya fita kiwo da ɗansa. Malam Bappa kuwa bai soke sunan ba. Kowace safiya sai ya kira "Yero Buba", ya dakata, ya sa alamar rashi.

Damina ta kankama, kogi ya cika, sannan mai duba mu daga kwaleji ya iso a kwalekwale, takalmansa a hannu. Minti arba'in ya zauna a bayan aji yana rubutu yana leƙen hadari ta taga. Da na gama ya kira ni ya ce ya ji daɗi ƙwarai. Na fara da abin da yara suka sani, na yi amfani da kayan da ke muhallinsu, na tambayi na baya. Ya ba ni maki mai kyau, ya ba Adda wanda ya ɗan fi nawa. Yana tattara takardu ya tambayi Malam Bappa ko yara duk suna zuwa.

"Saura ɗaya," in ji Malam Bappa.

"Ɗaya kawai? Ai kun yi ƙoƙari," ya ce, ya yi sauri ya nufi kogi kafin ruwa ya sauko.

Malam Bappa ya sa hannu a takardata ba tare da ya rubuta komai game da shanu ba. Na yi masa godiya, ya ce in je Allah ya yi albarka, in kuma riƙa tambaya. Na riƙe takardar da na yi shekara uku ina wahala dominta, na nemi farin ciki a zuciyata ban samu ba.

Ranar tafiya Adda ta riga ni tsallakawa, mijinta ya zo ɗaukarta tun da sassafe. Ta bar mini ƙullin dambun kifi ta ce in kai wa Inna. Na zauna gindin tsamiyar nan da jakata ina jiran kwalekwale ya dawo daga hayi. Can sai ga garke ya gangaro shan ruwa, farare masu dogayen ƙaho. Na kawar da kai don kada a ce ina kallonsu. Sai na ji an ce, "Malam."

Yero ne. Ya rame, ya yi baƙi, sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya ɗan nesa da ni yana waiwayen wani babban mutum da ke can ƙarshen garken ya ba mu baya.

"Yero! Lafiya? Ya gida?"

"Jam," ya amsa da Fillanci. Ya sake waiwayawa, ya matso taku biyu, ya rage murya. "Malam, na yi aikin. Baba ya ƙona takarda, shi ya sa ban kawo ba."

Na buɗe baki in ce masa ya bari, in ce laifina ne, in ce ya yafe mini. Bai jira ba.

"Arba'in da bakwai ne. Ɗaya ta mutu." Ya dubi gaɓoɓin yatsunsa, leɓensa na motsi. "In an cire ta, saura arba'in da shida. Haka ne, Malam?"

Ba ya aji ranar da muka fara ɗebewa. Ba wanda ya koya masa.

"Haka ne, Yero," na ce. "Daidai ne."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, yadda yake yi in na duba littafinsa, ya juya da gudu ya tare wata karsana da ta nufi zurfi. Jan birona na aljihun gaba, na ji hannuna ya kai kansa, amma babu takardar da zan sa wa maki. Mai kwalekwale ya buga gefen jirginsa da filafili ya ce in zan tafi in shigo, hadari na haɗowa. Na ɗauki jakata na shiga.